Lungun da Abdulghani Ya Gina wa Ummi

Yayana Abdulghani bai taɓa taka ƙasar Jamus ba. A Jidda aka haife shi, a unguwar Nuzla, a Jidda kuma aka binne shi. Amma a 'yan shekarunsa na ƙarshe, in ka tambaye shi inda ya wuni ranar hutu, sai ya ce maka, "Wajen maƙwabtana Jamusawa," ko murmushi ba ya yi. Ni ce ƙanwarsa, Zubaidatu, autar gidanmu, kuma duk gidan ba wanda ya kai ni yi masa tsiya a kan wannan maƙwabtaka.

Kakanmu da ƙafa ya baro ƙasar Hausa don ya sauke farali. Ya ratsa Sudan, ya ƙetare teku, ya yi aikin Hajji, sai guzuri ya ƙare, niyyar komawa ma ta bi bayansa. Babanmu magini ne, shi ya gina gidanmu da hannunsa a ƙarshen wani lungu mai ƙunci, wanda in mace mai jiki ta ɗauko tire sai ta karkace kafin ta wuce. A bakin ƙofa ya yi dakali, nan maza ke shan shayi bayan la'asar. Ƙofar kuwa daga asuba har isha ba a rufe ta. Ummi, mahaifiyarmu, ta ce gidan da ake rufewa da rana ko na marowaci ne ko na mai abin ɓoyo.

Mu uku ta haifa. Babban yayanmu Haladu shi ne na fari, don haka Ummi ba ta taɓa kama sunansa ba, Babba take ce masa, irin kunyar mutanen da. Turare yake sayarwa a Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, mutum ne mai tsoron Allah, irin tsoron da wani lokaci yakan sa na kusa da shi su ji a jikinsu. Sai Abdulghani, wanda muke kira Ghani. Shi tun yana yaro hannunsa ba ya zama. Ka ba shi gwangwanin kifi da laka, kafin ka juyo ya tayar da bene har da matakala. Ya so ya gaji Baba, Baba ya ƙi. Ya ce gini ya cinye masa baya, ba zai zuba ido ya cinye na ɗansa ba. Haka Ghani ya zama direba, yana tuƙi yana leƙen gine-ginen mutane ta taga.

Wani kamfani da ke aiki a tashar jiragen ruwa ya ɗauke shi, yana kai injiniyoyi yana dawo da su, yawancinsu Jamusawa. Bai je makarantar kowa ba, da kunne ya ɗauki yarensu. In yana waya da su nakan miƙa masa ruwa in ce, "Sha, ya akhi, ɗan'uwana, ƙaya ce ta maƙale maka?" A cikinsu akwai wani dogo mai suna Yurgen, wanda zafin Jidda ke mayar da fuskarsa kamar tumatir. Shi kaɗai ya taɓa shigowa lungunmu. Ya zauna a dakalin Baba, ya ci tuwon Ummi da miyar kuka yana share hawayen yaji, ya nemi ƙari. Ya iya ɗan Larabcin kasuwa mai karyayyar ƙafa, da shi suke gaisawa da Ummi.

Da aikinsa ya ƙare ya koma ƙasarsu, sai ya gayyaci Ghani wani wasa na kwamfuta. Wasan gini ne. Komai a cikinsa tubali ne mai kusurwa huɗu: ƙasa, dutse, itace, ruwa, har tumaki. Ka haƙa, ka tara, ka gina abin da ranka yake so. Su Yurgen suna da dandalinsu a intanet, suna ce masa saba, inda masu jin Jamusanci ke haɗuwa, kowa daga gidansa, suna gina gari guda tare, suna hira ta abin sawa a kunne. Akwai malamin makaranta, akwai mai tuƙin jirgin ƙasa, akwai wata tsohuwa da ta yi ritaya. Suka yanka wa Ghani ɗan fili a gefen garin.

Na yi masa tas. Ƙato da furfura a gemu, ga mata, ya zauna yana jera tubalin ƙarya. Matarsa Haifa, 'yar Hausawan Sudan ce, mai sanyin hali, sun shekara da shekaru Allah bai ba su haihuwa ba. Ita takan ce in ƙyale shi, gara ta san yana ɗaki yana haƙa rami da ta rasa inda yake. Shi kuma ya yi kunnen uwar shegu da ni. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, yaron nan mai gwangwanin kifi ne ya samu inda ba wanda zai ce masa bayansa zai karye.

Sai aka zo rushe unguwannin kudancin Jidda. Wata safiya muka tashi muka ga jan fenti a bangon gidanmu da na maƙwabta, alamar a tashi. Ba mu kaɗai ba ne, duk Nuzla ce. Mutanen da suka haifi 'ya'ya da jikoki a ƙofa ɗaya suka watse, wasu Makka, wasu arewacin gari, wasu har yau ban san inda suke ba. Mu muka kama haya a wani bene, hawa na uku, ni da Ummi da Ghani da Haifa. Haladu da iyalinsa suka samu wani wuri ba nisa.

Tun kafin tashin, rikicin tsufa ya fara taɓa Ummi. Takan ajiye gishiri a firji, takan kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ban zo duniya ba. Amma a lungunta ba ta ɓata, ƙafarta ta san hanya ko da kanta ya manta. A benen nan kuwa abin ya taso gaba ɗaya. Kullum da la'asar sai ta ƙulle 'yan kayanta a ɗankwali, ta sa abayarta, ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce da ladabi, "Mun gode da karamci, Allah ya saka. Yanzu a kai ni gida, Malam zai dawo bai tarar da shayi ba." Malam shi ne Baba, wanda ya daɗe a ƙasa. In aka ce mata nan ne gida, sai ta yi ta jijjiga ƙofa tana kuka har magariba ta wuce. Ran nan ta faki idonmu ta sauka, a bakin babban titi aka tsinto mana ita. Ghani ya taɓa sa ta a mota ya kai ta Nuzla don ta gani da idonta. Ta dubi filin, fetal, ba ko bango, ta ce masa, "Kai direban banza ne, ka ɓata hanya."

Daga ranar ya daina haƙa ramukansa. Ya roƙi Jamusawa su ƙara masa fili, suka ƙara. Ya fara daga bakin titi: gidan burodin tamis, masallacin Juma'a, shagon mai gyaran keke, famfon unguwa, sannan lungunmu, gida bayan gida. Duk abin da ya samu na lokaci, can yake.

Nan ne rigima ta tashi. Mutanen nan garinsu a miƙe yake kamar an ja da zare, kowane titi da faɗinsa, kowane gini da iyakar tsawonsa, duk a rubuce cikin dokokinsu. Ga Ghani ya kawo musu lunguna masu murɗewa kamar hanji, gida ya hau kan gida, wayoyin wuta sun sarƙe. Har taro suka kira a kansa. Yurgen ne ya tashi ya ce shi ya taɓa zama a wannan lungu, haka yake, ya kuma faɗa musu dalilin ginin. Aka bar shi. Saura magana ɗaya, ta ƙofa. A wasan, in dare ya yi wasu dodanni kan fito, don haka kowa yana rufe gidansa. Ghani ya ƙi. Tumaki su shige masa zaure, dodo ya fasa masa bango, da safe ya gyara. Suka yi ta ba shi shawara, ya ce musu uwarsa ba za ta shiga gidan da ta tarar a rufe ba.

Ranar da ya gama, ya haɗa kwamfutar da talabijin ɗin falo. La'asar ta yi, Ummi ta fito da ƙullinta. Ya ce, "Yalla, Ummi, zauna nan in kai ki." Ni ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ina jiran a ji kunya. Ta ƙura wa talabijin ido, tubula ne kawai masu launi, ni ban ga Nuzla a ciki ba. Can sai ta ce, "Wa ya matsar da famfon? Ai gaban gidan Hajiya Rana yake, ba bayansa ba."

Ludayin da ke hannuna ya faɗi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ba ta iya tuna ko ta ci abincin rana ba, ita ce ta zama shugabar maginan. Tagar gidan wane gabas take kallo. Matakalar masallaci ta fi haka tudu. Akwai kwata a nan, an manta da ita. Ghani yana gyarawa tana faɗa, wani lokaci har da zagi irin na uwa, shi kuwa bakinsa har kunne. Ban taɓa ganin mutum yana jin daɗin faɗa haka ba.

Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Kullum bayan la'asar zai dawo daga aiki, ko wanka bai yi ba, ya kunna wasan ya ɗauke ta daga bakin titi. Su wuce mai tamis, ta ce a gaishe shi. Su wuce masallaci. Su karya kwana a famfo, su shiga lungu a hankali, su tsaya a dakalin Baba, su shige ƙofar da ke buɗe, har ɗakinta. Sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdulillahi, mun iso." Ta kwance ƙullin, ta cire abaya, ta nemi abinci. Wani lokaci 'yan mutum-mutumin Jamusawan kan zo su tsaya a dakalin, kawunansu kamar kwali. Ummi ta ce, "Ka ba baƙin shayi?" Ghani ya cire abin kunnensa ya ƙara murya, sai mu ji Yurgen daga can ƙasarsu yana cewa, "Salam alaikum, Ummi. Kef halik?" Ta ce, "Jan Baturen nan ne mai cin tuwo? Ka ce masa ya shigo daga ciki, rana za ta ƙona shi."

Wata rana suna tafiya ta ɗaga hannu ta ce a tsaya. "Wannan ɗan ɗakin da ke sama fa? Gidana ba shi da ɗaki a nan." Ghani ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Haifa ta tashi sumui-sumui ta shige ɗaki. Haka muka san tana da ciki, bayan duk shekarun nan. Ummi ta daɗe tana kallon ɗakin, sannan ta ce, "To a sa masa taga, kada zafi ya dami yaro."

Akwai wata doka tasu da Ghani ya sha faɗa mini. Filin garin kaɗan ne, masu son shiga da yawa. Duk wanda ya daɗe bai leƙa ba, za a share gininsa a ba wani wurin. Ya ce, "Ba mugunta ba ce, ya Zubaida, su haka suke. Doka in sun rubuta ta, ko uban wanda ya rubuta ba ta ƙyalewa. Amma da sauƙi, ko leƙawa ka yi ka ce marhaba ka fita, an san kana nan." Na ce masa to ai shi ba leƙawa yake ba, haya ya kama a can. Muka yi dariya.

Cikin Haifa bai gama fitowa ba Ghani ya faɗi a wajen aiki, bayan sallar azahar, yana ƙoƙarin buɗe ƙofar mota. Zuciya ce. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Har yau ba zan iya ba da labarin wannan yini ba.

Mun faɗa wa Ummi. Ta yi kuka har ta siƙe, ta yi barci, da safe ta tashi tana tambaya ko Ghani ya karya kafin ya fita. Muka sake faɗa mata, ta sake jin mutuwar sabuwa fil. A karo na uku Haladu ya ce halas, ya isa haka, kada wanda ya ƙara. Muka koma ce mata ya yi tafiya garin Yanbu da Jamusawansa.

Da aka tashi daga zaman makoki, Haladu ya zo da wata tsohuwar akwatin ƙarfe. Ya tattara kayan mamaci, agogo, waya, takardun mota, tufafi, da kwamfutar, ya sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. A wurinmu haka ake yi, kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba gado. Gado kuma ba ya rabuwa in akwai magaji a ciki, sai an ga abin da Allah ya sauke, mace ko namiji, da rai ko babu. Na san wannan, kowa ya sani. Amma na tare shi a bakin matakala.

Na ce, "Yaya, ka bar min kwamfutar. Da ita ake kai Ummi gida."

Ya ce, "Ba tawa ba ce balle in ba ki."

"Ba cinye ta zan yi ba. Kunnawa kawai, in leƙa in fita. In aka daɗe ba a shiga ba, share unguwar za su yi. Wallahi shi da bakinsa ya faɗa min."

"Ya ukhti, ki ji tsoron Allah. Kayan maraya ne. Wa zai ba ki izini, wanda ke cikin ciki? In ta lalace a hannunki, me zan ce ranar da za a tambaye ni?"

"Ummi fa? Ita ba za a tambaye ka a kanta ba?"

Na ga maganar ta shige shi. Amma ya ce, "Ummi haƙuri za mu yi da ita, ma'alesh. Ba zan buɗe amanar maraya saboda wasan yara ba."

Wasan yara. Na faɗa masa maganganu a matakalar nan waɗanda ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta, ko gezau bai yi ba. Ba mugu ba ne, kada a ɗauka haka. Lokacin rasuwar Baba wasu dangi sun kwashe kayan aikinsa tun kafin a raba, aka yi shekaru ba a ga-maciji, shi kuma ya yi rantsuwa ba za a sake haka a gabansa ba. Sannan bai taɓa zama ya ga Ummi tana gaida mai tamis ba, da la'asar yana shago. Haifa kuwa tana takaba, ga nauyin yayan miji, ko ɗaga ido ba ta yi ba.

Na nemi wata hanya. Na je shagon masu gyaran kwamfuta, suka ce ba a shiga sai da sunansa da kalmar sirrinsa, su kuma suna ajiye a cikin injin. Lambar Yurgen tana cikin wayar da ke akwati. Na je har ƙofar kamfanin, waɗanda na tarar sababbi ne, ba wanda ya san dogon Bature mai jar fuska.

Haka muka koma gidan jiya. La'asar na yi, Ummi na bakin ƙofa da ƙullinta. "Ghani bai dawo ba? To ke ki kai ni." Na gwada zagayawa da ita a matakala, na gwada ba ta labarin lungun da baki, gida bayan gida. Ta ce ita ba labari ta tambaya ba. Ta rame, ta rage cin abinci. Ni kuma kullum ina kallon cikin Haifa, Allah ya yafe mana, kamar mai jiran tukunya ta tafasa, ina tunanin wasu mutane can a ƙasar sanyi suna duba dokarsu.

Haifa ta sauka lafiya, namiji. Aka mayar masa da sunan ubansa. Bayan suna malamai suka zauna aka raba abin da ya bari, kwamfutar ta faɗo a rabon jariri. Haladu, a matsayinsa na waliyyi, ya nemi yardar Haifa, ta ce, "A kai Ummi gida, don Allah." Shi da kansa ya buɗe kwaɗon, ya goge ƙurar da hannun rigarsa, ya rufe shago da wuri ya zo ya zauna a falo. Ya ce yana so ya ga abin da ya sa ƙanwarsa ta daina gaishe shi.

La'asar ta yi. Ummi ta fito da abaya da ƙulli. Haladu ya kamo hannunta ya zaunar da ita gaban talabijin. Na sa abin kunnen Ghani, har lokacin da ƙamshin man gashinsa. Na sha kallonsa yana yi, na san maɓallan da ake dannawa. Wasan ya buɗe.

Ciyawa. Kore shar, shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da wata tunkiya tana kiwo. Can nesa ga garin Jamusawa da titunansa a miƙe. Ba mai tamis, ba masallaci, ba famfo. Abu ɗaya ne a tsaye a tsakiyar filin, dakali na tubalin toka, an dasa fitila a gefensa.

Sai murya ta faɗo min a kunne, da Larabcin nan mai karyayyar ƙafa. "Ghani? Ghani, fenak ya akhi, ina ka shiga?" Yurgen ne. Bai jira amsa ba, ya yi ta zuba. Ya ce sun rubuta masa, sun kira waya, shiru. Lokacin doka ya cika, suka yi taro suka ƙara masa, ya sake cika suka sake ƙarawa, abin da ba su taɓa yi wa kowa ba. Daga baya wasu suka ce ya gaji da su ne ya tafi, ga mutane na jiran fili. Makon jiya aka share. Shi ya roƙa a bar dakalin, don nan ya taɓa cin tuwo. Ya ce, "Lesh ma gult, ya Ghani, don me ba ka faɗa ba? Kalma ɗaya kawai. Ummi lafiya?" Yana ba mamaci haƙuri yana yi masa faɗa, ni kuma ba damar in amsa, Ummi tana gefena, gwiwarta na taɓa tawa.

Ummi ta miƙa wuya. Ta ce, "Ga dakalin Malam."

Ta juyo gare ni.

"Juya mana in ga ƙofar."

Na juya. Ciyawa. Ta ce in ƙara juyawa, na ƙara, har muka dawo kan dakalin. Ta ce a hankali, "An sake rushewa."

Haladu ya matso ya durƙusa a gabanta. "Za a gyara, Ummi. Bari Ghani ya dawo daga Yanbu, zai mayar da komai."

Ta dube shi. Idonta ya washe, irin yadda ban gan shi ba tun muna Nuzla. Ta ce, "Haladu."

Tunda ta haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Na ga kafaɗunsa sun zube.

"Haladu, kada ka yi min ƙarya. Yaron da ko tunkiya ta fasa masa bango ba ya kwana bai gyara ba. Da yana duniya ba mai taɓa lungun nan." Ta gyara zaman ƙullin a cinyarta. "Yaushe ne?"

Ya faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Ta yi salati, ta yi masa addu'a, ta tambaya ko an samu jama'a a jana'iza. Yurgen ma ya gane. Ba ya jin Hausa, amma ya ji sunan, ya ji salatin, ya kuma ji kukan babban mutum, don Haladu ne ya kifa kansa a ƙafar Ummi yana yi kamar yaro. Ita ce ma take shafa kansa.

Daga baya na yi magana da Yurgen. Ya ce suna da hotunan unguwar, su duka sun yarda za su taru su sake ginawa, a ba su lokaci kawai. Na gode masa, da gaske nake, mutanen kirki ne. Sun fara har sun tayar da masallacin. Amma hoto ba ya nuna bayan gida, ba ya nuna inda kwata ta bi, kuma mai faɗa musu an matsar da famfo ta daina magana a kai. Na kunna mata sau biyu, ta kalli bango.

Abin mamaki, wannan karon ba ta manta ba. Ta manta sunana, ta manta ko azumi ake ko salla, amma ba ta ƙara tambayar Ghani ba. Ranar nan da kanta ta kwance ƙullin, ta ninke ɗankwalin, ta rataye abaya a bayan ƙofa. Mun yi wata da watanni muna roƙon Allah ya sa ta daina tsayuwar nan ta la'asar, ga shi ta daina. Yanzu in la'asar ta yi tana zaune a kujerarta, hannuwa a cinya, jaririn na barci a gefenta. Ni ce nake samun kaina a ƙofar kicin ina kasa kunne, ko za ta ce a kai ta gida.